Yadda Ake Karantar Gasar Jiragen Cikin Gida Idan Kasuwa Ta Faɗi

Wata ranar Talata da hantsi, wani dattijo mai fataucin goro da hatsi tsakanin Kumasi da arewacin Gana ya shigo shagon da nake sayar da tikitin jirgi a unguwar Nima da ke Akra, ya ajiye wayarsa a kan tebur, ya ce, "Ɗana, duba mini wannan abu. Jiya da dare yarona ya nuna mini kuɗin zuwa Tamale, yau da asuba kuɗin ya sauka, ga shi kuma yanzu ya sake hawa. Jirgin ne yake canzawa, ko hankalinmu ake gwadawa?" Na ce masa, "Baba Alhaji, jirgin ɗaya ne, kujerar ma ɗaya ce, sai dai kamfanoni biyu ne suke zaman doya da manja a kan kuɗinka, kowanne yana leƙen farashin ɗan'uwansa."

Domin irin su Baba Alhaji na rubuta wannan bayani, da kuma matasanmu na Zango da ke son shiga sana'ar sayar da tikiti. A lokacin da kasuwa take ci, kowane kamfani yana samun rabonsa, babu mai damuwa da wani. Idan kasuwa ta faɗi, fasinjoji suka ragu, to babu inda kamfani zai samo sabon fasinja sai daga hannun abokin hamayyarsa, kuma duk dabarar da zai yi tana barin sawu a farashi, a jadawalin tashi, da kuma yadda ake mu'amala da kai a wurin auna kaya. Wanda ya iya karanta wannan sawu zai sayi tikiti da sauƙi, kuma ba zai wayi gari kuɗinsa sun maƙale a kamfanin da ya daina tashi ba.

Ka fara da fahimtar kujera

Kujerar jirgi kayan gwari ce. Mai sayar da atamfa a kasuwar Makola ko ta Kejetia, idan bai yi ciniki yau ba, zai naɗe kayansa ya dawo gobe. Mai tumatir yana da kwana biyu ko uku kafin kwandonsa ya fara wari. Amma kamfanin jirgi, da zarar an rufe ƙofa an tayar da inji, duk kujerar da babu kowa a kanta ta tafi ke nan, ba za a sake sayar da ita ba har abada. A ɗaya gefen kuma, kuɗin da ake kashewa a kan sawu ɗaya kusan ba ya canzawa, ko jirgin ya cika ko bai cika ba, domin man da zai sha, da albashin matuƙa, da kuɗin sauka a fili, da hayar jirgin kansa duk suna nan daram.

Bari mu yi lissafi da alƙaluman misali kawai. A ce jirgi mai kujeru 50 yana cin sidi 30,000 a sawu ɗaya. Idan mutum 40 suka shiga, kowanne zai biya sidi 750 kafin a mayar da uwar kuɗi. Idan kasuwa ta yi sanyi mutum 25 kaɗai suka zo, sai kowanne ya biya sidi 1,200. To amma fasinja na 26 ba ya ƙara wa kamfani wani nauyi face gorar ruwa da biskit da ɗan ƙarin mai, saboda haka ko a sidi 400 aka sayar masa an ci riba a kansa, muddin dai wanda yake shirye ya biya 1,200 bai gano hanyar sayen tikitin 400 ba. A nan gizo yake saƙarsa. Duk sharuɗɗan da kake gani a jikin tikiti mai araha, na hana sauya rana da hana mayar da kuɗi da tilasta saye tun da wuri, katanga ce da aka gina domin raba mai gaggawa da mai neman sauƙi.

Sai ka ƙara da matsalar da ta fi addabar kamfanonin Gana: suna sayar da tikiti da sidi, amma hayar jirgi, da kayan gyara, da inshora, da horar da matuƙa duk da dala ake biya, farashin man jirgi ma dala yake bi. A 2022 dala ɗaya ta fara shekara a wajen sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta ninka haka har da ɗoriya, kuma hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a watan Disamba. A irin wannan shekara kamfani zai iya cika jirginsa maƙil amma ya kwana da asara.

Abin da tarihinmu ya riga ya nuna

Ba sai an je nesa neman misali ba. A shekarar 2012 kamfanoni biyar ne suka yi jigila a cikin Gana: Antrak Air na marigayi Alhaji Asoma Banda, da CiTylinK, da Starbow, da Fly540, da kuma Africa World Airlines, wanda aka fi sani da AWA, wanda Togbe Afede XIV ya kafa da haɗin gwiwar masu jari daga Sin, ya kuma fara tashi a watan Satumba na wannan shekara. Farashi ya karye, mutanen da ba su taɓa tunanin shiga jirgi ba suka fara zuwa Kumasi da safe su dawo da yamma, har yawan fasinjojin cikin gida ya haura 700,000 a shekara. Daga nan sai sidi ta faɗi a 2014, matsalar wutar lantarki da ake kira dumsor ta gurgunta sana'o'i, aka kuma ɗora harajin kashi 17.5 cikin 100 a kan tikitin cikin gida. Zuwa 2016 fasinjoji sun koma ƙasa da 500,000. CiTylinK ne ya fara ficewa, Fly540 ya tsaya a 2014, Antrak ya dakatar da jigila a 2015. An soke harajin a kasafin kuɗin 2017, amma a watan Nuwamba na wannan shekara jirgin Starbow samfurin ATR 72 ya kauce daga titinsa a filin jirgin Kotoka na Akra yayin da zai tashi zuwa Kumasi, kuma kamfanin bai sake dawowa ba. AWA ya zauna kusan shi kaɗai har zuwa watan Agusta na 2018, lokacin da PassionAir ya shigo.

A ganina, abin lura a wannan tarihi shi ne cewa wanda ya tsira ba lallai ne ya kasance wanda ya fi kowa karya farashi ba; wanda ya fi kowa dogon numfashi ne, wato mai jari a bayansa, mai jirgin da ya dace da girman kasuwa. Kason kasuwa da aka saya da asara haya ce, ana biyan ta kowace safiya, ranar da aka kasa biya kuma a tashi.

Yadda za ka karanci farashi

Ka samu ɗan littafi, ko ka buɗe shafi a wayarka, ka zaɓi hanya ɗaya da kake yawan bi, misali Akra zuwa Tamale. Har tsawon mako biyu, sau biyu a rana, ka rubuta farashin kowane kamfani na jirgin gobe, da na mako mai zuwa, da na bayan mako uku. Aikin minti biyar ne, amma ban san wata hanya da ta fi shi koyar da sana'ar nan ba, kuma duk yaron da ya zo koyon aiki a wurina da shi yake farawa kafin in bar shi ya taɓa kuɗin kowa.

Abin da za ka gani shi ne cewa kowane jirgi yana da matakan farashi, kamar matakalar bene. An ware wasu kujeru kaɗan a mataki mafi araha, idan suka ƙare sai na'ura ta buɗe na sama da shi, haka har zuwa mafi tsada. A lokacin da kasuwa take lafiya, matakin ƙasa yana ƙarewa tun da sauran makonni. Idan ka ga farashi mafi araha yana nan a buɗe har jajibirin tafiya, to jirgin bai cika ba, kuma kana da damar jinkirta saye ba tare da fargaba ba. Idan ka ga kamfani ɗaya ya sauke farashi da safe, kafin la'asar ɗayan ya bi shi, to yaƙi ake yi, kuma irin wannan rangwame ba ya daɗewa, saboda haka ka saya a ranar. Idan kuwa ka ga dukansu sun ɗaga farashi a mako guda, har da na matakin ƙasa, to ba gasa ba ce take magana, dala ce ko man jirgi, kuma jira ba zai amfane ka ba. Abin da ya faru ke nan a Najeriya a watan Fabrairu na 2022, lokacin da kamfanonin cikin gida suka mayar da mafi ƙarancin tikiti naira 50,000 kusan a lokaci ɗaya saboda tsadar mai.

Kada ka tsaya a kan adadin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a talla. Araha ba ta ado. Ka tambayi nauyin kayan da aka yarda ka ɗauka, da kuɗin kowane kilo da ya ƙaru, da tarar sauya rana, da abin da zai faru idan ka makara jirgi ya tashi. Hajiyar da za ta koma Tamale da jakunkuna uku na atamfa da turare tana iya tarar da cewa tikitin da ya fi tsada da sidi ɗari, amma yake da wadataccen nauyin kaya, shi ne mai arahar gaskiya. Kamfanin da ke cikin matsi yakan rage farashin da ake gani a allo, ya mayar da abin da ya rasa ta hanyar waɗannan ƙananan caji. Ka kuma tabbata sunan da aka rubuta a tikiti ya yi daidai da na katin shaidarka harafi da harafi, domin gyaran suna a tikitin rangwame wani lokaci ya fi sayen sabo wuya, mu kuma a Zango mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a fasfo, Mohammed a katin Gana, Mamman a bakin mutane.

Sannan ka san kalandar ƙasar da kake ciki, domin ko a shekarar da kasuwa ta mutu akwai ranakun da take farfaɗowa. A ƙasar Asante ranar Asabar ake manyan bukukuwan jana'iza, don haka jiragen Juma'a zuwa Kumasi da na Lahadi da safiyar Litinin masu dawowa Akra suna cika ko da sauran mako babu kowa. Haka bikin Akwasidae da ake yi a fadar Manhyia duk bayan kwana 42, da bikin Damba a Dagbon, da sallolin nan biyu, da lokacin tafiya aikin Hajji da dawowa, da makon buɗe jami'o'i irin su KNUST da UDS, da kuma watan Disamba baki ɗaya. Kamfanoni ba sa yaƙin farashi a waɗannan ranaku, a nan suke fanshe asarar sauran. Filin daga na gaskiya shi ne Talata da Laraba da tsakar rana, kuma duk wanda tafiyarsa za ta iya jira, can ya kamata ya kai ta.

Yadda za ka karanci jadawali

Makami na biyu, wanda sau da yawa ya fi farashi kaifi, shi ne yawan sawu. Ma'aikacin banki ko lauya da zai je Kumasi ya dawo a rana ɗaya ba ya tambayar wanda ya fi araha, yana tambayar wanda yake da jirgin sassafe da na magariba, da kuma wani a tsakani idan taronsa ya ƙare da wuri. Saboda haka kamfanin da ya fi yawan sawu a hanya yakan kwashi masu biyan kuɗi da tsoka fiye da yadda yawan kujerunsa zai nuna, kuma wannan ne yake sa kamfanoni su ƙi rage sawu ko da jiragensu suna tafiya rabi babu kowa, don tsoron kada abokin hamayya ya gaje lokacin.

Ostireliya ta ga ƙarshen irin wannan taurin kai. Tsakanin 2012 da 2014 kamfanin Qantas ya dage cewa ba zai bari kasonsa na cikin gida ya sauka ƙasa da kashi 65 cikin 100 ba, saboda haka duk lokacin da Virgin Australia ya ƙara kujeru, shi ma sai ya ƙara fiye da haka. Kujeru suka yi wa fasinjoji yawa, ribar cikin gida ta narke, dukansu biyu suka tafka asara, har Qantas ya bayyana asarar dalar Ostireliya biliyan 2.8 a 2014, ko da yake mafi yawan wannan adadi rage darajar jiragensa na ƙasashen waje ne a takarda. Sai da suka daina ƙara sawu sannan suka dawo hayyacinsu.

Kamfanoninmu ba su da aljihun da zai ɗauki irin wannan, don haka abin da suka fi yi shi ne su bar sawu da yawa a jadawali domin a gani a saya, sannan idan ranar ta zo aka ga jiragen tsakar rana biyu kowanne bai kai rabi ba, a haɗe su wuri ɗaya. Daga ɓangarensu, da muguwar rawa gara ƙin tashi; daga ɓangarenka kuwa, saƙo ne zai shigo wayarka cewa an mayar da jirginka na sha biyu zuwa ƙarfe huɗu. Maganin wannan shi ne, idan tafiyarka tana da muhimmanci, ka ɗauki jirgin farko na safe. Shi ne wanda ya fi cika, saboda haka ba a cika soke shi ba, kuma jinkiri a harkar jirgi taruwa yake yi, wanda ya fara da minti ashirin da hantsi yakan zama awa biyu da dare. Banda ɗaya ita ce lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hazo kan rufe Tamale da Kumasi da Wa har a kasa sauka. A irin wannan lokaci ka bar wa kanka kwana guda na rara, musamman idan jirgin ƙasar waje za ka tarar a Akra.

Ka kuma dubi irin jirgin. AWA yana amfani da Embraer ERJ-145, jirgin jet mai kujeru 50, PassionAir kuma yana amfani da Dash 8 masu farfela, wanda babbansu, Q400, yake ɗaukar mutum fiye da 70. Mutanenmu da yawa suna ɗaukar jirgi mai farfela a matsayin tsohon yayi, alhali a gajeriyar tafiya irin ta Akra zuwa Kumasi bambancin lokaci 'yan mintoci ne, kuma mai farfela ya fi tsimin mai a kan kowace kujera. Ƙaramin jirgi yana da sauƙin cikawa idan fasinja ya yi ƙaranci, babba kuma yana iya sayar da kujera da rahusa idan ya samu cika. Wannan bambanci shi ne yake bayyana dalilin da ya sa wani kamfani yake dogara da yawan sawu, wani kuma da sauƙin farashi.

Kada ka manta da tashar mota

Babban abokin hamayyar jirgin cikin gida a Gana ba ya filin jirgi, yana tashar motocin safa na VIP a Circle ta Akra da Asafo ta Kumasi, da tashar motocin STC. Tsakanin Akra da Kumasi kilomita kusan 250 ne, kuma motar safa mai sanyi tana cinye su a cikin awa biyar zuwa shida idan cunkoson hanyar Nsawam bai yi tsanani ba, a kan kuɗin da bai kai kusa da na jirgi ba. Jirgin minti 40 ne a sama, amma idan ka haɗa da zuwa fili, da jiran tashi, da jiran kaya, ratar tana raguwa. Saboda haka da zarar aljihu ya yi zafi, fasinjan Kumasi shi ne na farko da yake komawa mota, kuma a wannan hanya ce kamfanoni suka fi saurin sakin rangwame. Tamale daban take: fiye da kilomita 600 ta Techiman da Kintampo da Buipe, tafiyar yini guda ko kwana a hanya, a madadin kusan awa ɗaya a sama. Wanda ya saba da jirgin Tamale ba ya komawa mota da sauƙi, kamfanoni kuma sun san haka, shi ya sa farashinta ya fi taurin kai.

Wannan ma'auni zai taimake ka ka hango sabuwar hanyar da za ta ɗore da wadda ba za ta ɗore ba. An fara jigilar fasinja zuwa Wa a 2019, kuma nisan garin ya isa hujja. An gwada garin Ho a ƙarshen 2021, amma garin da mota take kai mutum cikin kusan awa uku daga Akra bai samar da fasinjan da zai riƙe jirgi ba, aka daina bayan 'yan watanni. Idan kamfani ya buɗe sabuwar hanya da farashin talla, ka ji daɗinsa, amma kada ka gina harkarka a kansa sai ya shekara.

Gasar da ba a gani a allo

Wani ɓangare na yaƙin a ofisoshi ake yin sa. Kamfanonin haƙar zinariya na Obuasi da Ahafo, da na man fetur a Takoradi, da bankuna, da ƙungiyoyin agaji masu ofisoshi a Tamale suna sayen kujeru duk shekara, kuma kamfanin jirgin da ya ƙulla yarjejeniya da su ya samu ginshiƙin da zai jingina a kai idan sauran fasinjoji suka gudu. Haka nan yarjejeniyar miƙa fasinja da manyan kamfanonin waje, wadda take ba mutum damar sayen tikiti ɗaya daga Turai ko Dubai har zuwa Kumasi, tana kawo kuɗin waje, kamar yadda jigilar AWA zuwa Legas da Abuja take rage dogaro da sidi kaɗai. Idan kai mai sayar da tikiti ne, ka san cewa a lokacin faɗuwar kasuwa ne kamfanoni suke tunawa da kai: a lokacin ake ƙara kamasho, ake sauraron buƙatar farashin rukuni. Idan kana da mutum goma ko fiye masu zuwa ɗaurin aure ko Maulidi, kada ka saya musu ɗaya bayan ɗaya a intanet, domin kai da kanka za ka cinye matakin araha ka tura farashi sama. Ka je ofishin kamfani ka nemi farashin rukuni a rubuce, ka kuma nuna musu cewa ka riga ka tambayi ɗayan.

Yadda za ka kare kuɗinka

A nan ne na taɓa ƙonewa. Wani kamfani, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya fitar da rangwamen da ban taɓa ganin irinsa ba, na tikitin da za a yi amfani da shi bayan wata biyu zuwa uku. Na kira wata Hajiya da take shirin aurar da 'yarta a arewa, na ce, "Hajiya, ga dama ta samu, a sayi na 'yan rakiya tun yanzu." Ta turo kuɗin mutum goma sha biyu ta MoMo, wato aiken kuɗi ta waya, a daren. Kafin ranar biki jadawalin ya ruguje, aka ce mu cika takardar neman mayar da kuɗi, na yi ta sintiri har takalmina ya san hanyar ofishin da kansa. A ƙarshe daga aljihuna na yi wa 'yan rakiya hayar mota, domin ni na ba da shawarar, kuma a Nima sunan mutum shi ne jarinsa.

Alamomin duk suna nan a lokacin, ni ne ban karanta ba. Rangwame mai zurfi a kan tafiyar da take nesa yana nufin kamfani yana neman kuɗin hannu yau domin ya biya bashin jiya, wato kai ne kake ba shi rance ba tare da ka sani ba. Idan ka ga haka ya haɗu da yawan soke sawu, da jirage da suka daɗe a ajiye a gefen fili, da jinkirin mayar da kuɗi daga kwanaki zuwa watanni, da ma'aikatan da ka saba gani suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, to ka taƙaita mu'amalarka. Ruwa ba ya tsami banza. Ba na cewa ka daina shiga jirginsu, domin kula da lafiyar jirage aikin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Gana ne, kuma ita take da ikon hana jirgi tashi. Abin da nake cewa shi ne kada kuɗinka su kwana a wurinsu fiye da mako ɗaya ko biyu. Ka ajiye rasit da duk saƙon da aka turo maka. Idan an soke jirgi aka ba ka zaɓi tsakanin kuɗi da takardar da za ka yi tafiya da ita nan gaba, ka karɓi kuɗi, sai fa idan kana da tafiya tabbatacciya a kusa. Mutane da yawa sun koyi wannan a 2020, lokacin da aka kulle Akra da Kumasi daga 30 ga Maris saboda korona, jiragen cikin gida suka tsaya cik har zuwa 1 ga Mayu, kamfanoni a duk duniya kuma suka fi son ba da takarda a kan su fitar da kuɗi.

Ka kuma shirya wa abin da yake biyo bayan yaƙin. Idan kamfani ɗaya ya faɗi, arahar tana tafiya tare da shi. A Afirka ta Kudu, da Comair, mai jiragen Kulula, ya daina tashi a tsakiyar 2022, kusan kashi 40 cikin 100 na kujerun cikin gida suka ɓace dare ɗaya, farashi ya yi tashin gwauron zabo, FlySafair kuma ya mamaye filin. Haka IndiGo ya ƙara ƙarfi a Indiya bayan faɗuwar Jet Airways a 2019 da Go First a 2023. A kasuwa mai kamfanoni biyu kacal kamar tamu, ranar da ka ji ɗaya ya dakatar da jigila, a ranar za ka sayi duk tikitin da ka san kana buƙata a wata mai zuwa daga wurin ɗayan, kafin matakan ƙasa su ƙare.

Shi Baba Alhaji, tsarin da muka tsayar da shi a kai bai da wuya. Yana sanar da ni tafiyarsa da kwana goma, in duba littafina in ga inda farashi ya dosa, mu ɗauki jirgin safe na Talata ko Laraba. Zuwa da dawowa ba ma haɗa su a kamfani ɗaya sai idan bambancin kuɗin ya yi yawa, kayansa masu nauyi kuma suna bin motar dare tare da yaronsa, shi ya tarar da su a Tamale. Idan tafiyar Kumasi ce kuma babu gaggawa, ni da kaina nake ce masa ya nufi Circle ya hau mota, kamashona na ranar ya bi ruwa.